Mijin Aro a Layin Awo

Bari in faɗa da bakina kafin wani ɗan unguwarmu ya riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Ba na gardama. Abin da nake roƙo kawai a rubuta cewa wawan ya yi wautarsa cikin babbar riga mai guga, da hula, da turare, kuma mata masu ciki huɗu sun ci moriyar wautar kafin ta ƙare.

Gidan hayarmu yana unguwar Maamobi a Accra, bayan babbar kwata. Ɗakuna ne a jere suna kallon juna, famfo ɗaya a tsakiya wanda yake kawo ruwa ranar da ya ga dama. Ni da tsohuwata, wato matata, mun fi kowa daɗewa a ciki, tun ina gadin wani sito a bakin teku. Yanzu gadin ya ƙare, gwiwa ta ƙi, aikina shi ne zama a kan benci a ƙofar gida ina gyara wa duniya kurakuranta. Boko na yi har aji huɗu. Turancina ya isa in karanta allon asibiti, bai isa in karanta hannun likita ba, amma wannan ko masu digiri na ji suna kuka da shi. Makka ban je ba. Sai dai a nan duk tsohon da ya sa farar hula ya ajiye ɗan tumbi Alhaji ne, ni kuwa ban taɓa hana kowa faɗin alheri ba.

Masu magana a rediyo suna cewa matan zongo ba sa zuwa awo saboda jahilci. Ina gayyatarsu su zo su zauna a layin sau ɗaya. Mace za ta fita bayan sallar asuba ta je ta ajiye katinta, ta sami wasu sun riga ta. Ta zauna a benci, rufin kwano yana dafa ta, ba ta isa ta je ta ci abinci ba kar a kira ta ba ta nan. Azahar ta wuce tana zaune. Ta dawo gida ƙafa a kumbure, ba ta sayar da komai ba, masu sayen kayanta sun gano wata. Shi ya sa yawancin matan gidanmu suke zuwa sau ɗaya, su karɓi littafin awo don kar nas ta yi musu tsawa ranar haihuwa, su sa shi ƙarƙashin katifa, sai kuma ranar. Mazansu kuwa ba a maganarsu. Wani yana kan hanya da mota, wani yana gareji, wani yana nan amma ya gwammace a kama shi da sata da a gan shi zaune cikin masu ciki.

Abin ya fara ne da mai koko, maƙwabciyarmu ta ɗaki na biyu, tana da ciki a lokacin. Wata safiya jiri ya ɗebe ta a gaban tukunya, tsohuwata ta riƙe ta, ta juyo ta dube ni.

"Malam, tashi ka riƙe mata jaka ka kai ta asibiti."

"Ni? Ina mijinta?"

"Yana inda mazaje suke zuwa in ana nemansu. Tashi."

Na tashi. Na yi niyyar in ajiye ta a ƙofa in juyo, amma benci ya ja ni na zauna in huta da gwiwa. Muna zaune can baya sai shugabar masu awon ta fito. Gajeriya ce mai jiki, furfura ta fara mata, tabarau a rataye da igiya a wuya. Kowa Madam yake ce mata. Ta yi magana da yaren Twi, ta maimaita da Turanci, sannan ta faɗa da irin Hausarmu ta zongo wadda ba ruwanta da mace ko namiji.

"Wanda ya zo da mijinsa, ya zo gaba."

Ashe doka ce suka kafa don su jawo maza. Duk macen da ta zo da miji, ita za a fara gani. Na duba hagu da dama, ba namiji ko ɗaya sai ni. Mai koko ta mintsine ni a cinya.

"Baba, tashi."

"Mu je ina?"

"Gaba. Yau kai ne."

Muka ratsa benci bayan benci, idanu suna bin mu. Madam ta sa tabarau ta dube ni daga hula har silifa.

"Alhaji, matarka ne?"

Na ce, "Madam, komai na Allah ne." Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Har yau ina ganin ko a gaban alƙali wannan amsa za ta tsaya.

Aka auna ta, aka ba ta maganin jini, ni kuma aka huda min yatsa, wai miji ma sai an gwada jininsa. Kafin hantsi ya yi zafi mun dawo gida, har ta sayar da ragowar kokonta.

Magana ba ta kwana a gidan haya. Mai waakye, shinkafa da waken nan, ita ce ta biyo baya, ta zo da kwano a rufe, da ƙwai a kai, ta durƙusa ta gaishe ni gaisuwar da ban taɓa samu daga gare ta ba. Sai matar direban da yake ɗauko albasa daga Nijar. Sai mai kitso. Mazan duk sun sani. Direban ya kawo min albasa har gida. Mijin mai kitso ne kawai ya ɓata min rai, ya ce, "Ai Baba ba komai, kai ba ka da haɗari." Na yi kwana da kwanaki ina tunanin wannan magana.

Na tsara aikina kamar ma'aikaci. Kowace da ranarta, ba na haɗa biyu. Ina canza hula. Duk sabuwar da na kai sai a sake huda min yatsa, ina miƙawa kamar ban taɓa gani ba. Madam tana rubutunta kawai, ni kuma ina cewa a raina matar nan mutane sun yi mata yawa, fuska ba ta zama mata a kai.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin abin. Tun da na bar gadi ba wanda ya jira ni a ƙofa sai a lokacin. Kafin a fara awo akan yi wa mata karatu, ni ina kujerar gaba ina gyaɗa kai. A nan na koyi cewa mai ciki ta kwana cikin gidan sauro, ta sha ƙwayoyin nan ko suna tayar mata da zuciya. Na koyi cewa in fuska da hannu suka kumbura, kai yana sara, ido yana ganin walƙiya, to ba a jira, hawan jini ne, yana iya kashe uwa da ɗa. Da yamma in zo in zuba wa 'yan majalisarmu wannan karatu kamar ni na ƙago shi. Har suka fara kirana likita, na hana su da murya mai taushi.

Abu ɗaya ne yake rage min daɗi, shi ne bencin baya. Duk ranar da na wuce gaba da wata, akwai wadda ta zo tun duhu da za ta ƙara zama saboda ni. Ba sa cewa komai yawanci. Sun gaji da yawa. Wata rana dai wata ta faɗi magana da Twi a bayana, sauran suka yi dariya mara ƙarfi. Shekaruna a Accra sun fi nata a duniya, na ji sarai abin da ta ce. Na yi kamar ni baƙo ne jiya na sauka.

A ƙarshen gidanmu akwai wani ɗaki da ake ajiye gawayi a da. Mai gidan ya share shi ya zuba 'yan matan arewa masu dako, waɗanda muke kira kayayo. Suna fita da manyan kwanoninsu zuwa kasuwar Agbogbloshie su ɗauki doya da albasa a ka, su dawo da magariba su kwanta kamar an jera itace. A cikinsu akwai wata doguwa mai shiru, matar aure ce, mijinta yana can gona a ƙauyensu. Ta ɓoye cikinta da babban zane kamar yadda ake yi, don ba a son ido ya faɗa kan ciki tun yana ƙarami. Tsohuwata ce ta gano, a wurin famfo, daga yadda take sunkuyawa. Ita ce kuma ta jawo ta da hira har ta ji cewa cikinta na fari a ƙauye ya zo ba rai, ita ma da ƙyar ta tashi.

Ta taɓa zuwa awon sau ɗaya. Ta zauna tun safe, wata ƙaramar nas ta yi mata faɗa da Twi, ba ta ji ko kalma ɗaya ba, ta dai gane faɗa ne. Rana ta yi tsaka ba a kira ta ba, ta tuna 'yan uwanta suna can suna ɗaukar kayan da ita za ta ɗauka, ta tashi ta tafi. Ba ta koma ba.

Wata yamma ina kan bencina ta zo ta ajiye kwanonta, ta durƙusa nesa kaɗan. Hausarta ba ta da yawa.

"Baba, ni ma ka kai ni."

A nan ilimin aji huɗu ya tashi aiki. Na ce a raina, Madam ko ba ta riƙe fuska, ai ta iya ƙirga. Musulmi mai farar hula ya kawo mata huɗu, wannan shari'a ta yarda, ba mai tambaya. Ya kawo ta biyar, asiri ya tonu. In ya tonu, ba ni kaɗai zan ji kunya ba, duka huɗun za a mayar bencin baya, mai koko ta koma yin jiri a gaban tukunya. Wallahi haka na auna, kuma na ji kaina mai hangen nesa.

Na ce, "'Yata, ki yi haƙuri kaɗan. Mai koko ta kusa sauka. Da ta haihu gurbi ya samu, sai in shigar da ke."

Ta dube ni, ban sani ba ko ta gane duka. Ta ce, "To, Baba." Ta ɗauki kwanonta.

Shi kuwa ɗan mai koko ya ƙi fitowa. Watansa ya cika, ya wuce, yana ciki ya miƙe ƙafa. Kullum da safe ina karɓar kokona ina tambayarta, "Yaya dai, ba labari?" Har ta ce, "Baba, ko mijina bai matsa min haka ba." Doguwar tana wuce ni safe da yamma tana gaishe ni. Ina amsawa. Ban taɓa duban ƙafarta ba. Ni da nake koya wa majalisa alamomi.

Ranar da abin ya zo, 'yan ɗakinsu duk sun fita, ita tana zaune a bakin ƙofa, kwano a gefe, tana ƙoƙarin sa silifa ƙafar ta ƙi shiga. Tsohuwata ta je da tsintsiya a hannu, ta tsaya, ta ɗaga mata haɓa. Daga inda nake na ga fuskar. Idanun sun shige ciki. Ta nuna kanta da hannu, sannan ta yi ta buɗe yatsu a gaban idonta tana rufewa, tana nuna abin da take gani.

Tsohuwata ta jingine tsintsiya.

"Malam, sa rigarka."

"Ai mai koko ba ta..."

"Sa rigarka."

Rigar ba guga ranar. Muka sa ta a tsakiya, muka bi lungu, muka haye katakon kan kwata ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa tana dafa bango. Masu shago suna kallo. Ni kuwa duk tsawon hanyar, Allah ya yafe min, jawabin da zan yi wa Madam nake shiryawa.

Da muka shiga, tsohuwata ta saki hannunta ta ba ni, ta wuce kai tsaye ta zauna a bencin ƙarshe, wajen bango, kamar mai komawa wurin da ta sani. Na ja doguwar muka yi gaba. Madam tana tsaye da takardu. Na gyara murya.

"Madam, ina kwana. Wato waccan mai kokon, Allah ya kawo rabuwa tsakaninmu. Wannan ita ce..."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ajiye takardun, ta durƙusa da ƙyar, ta danna babban yatsanta a ƙaurin yarinyar. Da ta ɗaga, ramin ya zauna bai tashi ba. Ta ɗaura mata abin awon jini a hannu, ta duba, ta sake dubawa. Ta kira wata nas da murya ƙasa ƙasa, suka shiga da ita ciki, na ji ana cewa a nemo mota zuwa babban asibiti. Aka bar ni tsaye da silifa ɗaya a hannu, nata, wanda ya ƙi shiga.

Can Madam ta fito tana goge hannu. Ta tsaya a gabana, kanta bai wuce kafaɗata ba.

"Tun yaushe ka san yana da ciki?"

Na ce an ɗan jima.

"Me ya sa ba ka kawo shi ba?"

Na sunkuyar da murya na yi mata bayanin huɗu da biyar, a hankali, yadda ake yi wa wanda ba addininsa ba. Ta cire tabarau ta bar shi ya faɗa kan ƙirjinta. Ba ta yi fushi ba. Da ta yi fushi da ya fi min sauƙi. Gajiya kawai na gani.

"Papa, kokon matar nan nake sha kowane safe kafin in zo aiki. Na san mijinsa. Shi ya gyara min fanka."

Na ce, "To, me ya sa kika ƙyale ni?"

"Kana kawo su. Ko akuya ya kawo su zan karɓa. Da ka kawo goma, goma zan gani."

Na ɗaga hannuna. "To yatsan nan fa da ake ta hudawa?"

"Wannan ladan ƙarya ne," ta ce, ta mayar da tabarau, ta kira ta gaba.

A babban asibiti aka yi mata aiki a ranar, aka ciro 'ya mace, ƙarama kamar ɗan tsako, aka sa ta a kwalba. Likita ya ce wa tsohuwata da an ƙara jinkiri da labarin ya canza. Uwar ta daɗe a kwance. Tsohuwata ce take dafa tuwo ta hau trotro, motar hayarmu, ta kai mata, ta dawo ta zube a tabarma ko mayafi ba ta cire ba. 'Yan ɗakinsu suna zuwa bi da bi in sun tashi kasuwa. Mijin ya zo daga arewa da kaza biyu da fuskar wanda bai taɓa ganin bene ba, ya riƙe hannuna da hannu biyu yana godiya da yarensu. Na karɓi godiyar. Ban san yadda ake mayar da ita ba. Ɗan mai koko kuwa a makon nan ya fito, ƙato, ba ko tari.

Ba zan ce abubuwa sun gyaru ba. Doguwar ta warke, ta zauna kaɗan, ɗinkin bai gama kamewa ba ta koma kasuwa, kwano a ka, 'ya a baya. Daga baya suka koma ƙauye, wata ta maye shimfiɗarta a ɗakin gawayi. Layin awo yana nan yadda yake. Ni ma na ci gaba da rakiya har gwiwa ta hana ni, sai dai na daina canza hula, kuma duk wadda ta ce in kai ta, ranar nake kai ta. Madam takan ce, "Papa, wannan na nawa ne?" In ce na daina ƙirga. Ta daina huda min yatsa.

Amma ɗan Adam ba ya daɗewa da kunya. Bayan wata biyu uku labarin ya fara gyaruwa a bakina. Wata yamma bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, direban albasa da mijin mai kitso suna nan, tsohuwata tana gefe tana tsince wake a faifai. Na miƙe ƙafa na fara wa'azi.

"Ku mazan yanzu ba ku san nauyin da ke kanku ba. Mace tana ɗauke da ciki, namiji ya kasa ba ta safiya ɗaya. Ku dube ni. Da tsufana, da gwiwata, mata biyar na raka awo a gidan nan. Ta biyar ɗin da ban tashi ba, da yanzu wani zance ake."

Direban ya ce, "Gaskiya ne, Baba." Mijin mai kitso yana duban ƙasa.

Tsohuwata ba ta ɗago ba. Ta jefar da wata tsakuwa daga cikin waken.

"To ni ta nawa ce, Malam?"

"Ke kuma me ya kawo ki ciki?"

"Ciki bakwai na kai asibitin nan. Biyar na raya. Bencin da ka ga na zauna ranar, har yanzu ƙusar da take kama min zane tana nan."

Famfo yana ta shaƙar iska a tsakar gidan. Na ga dole in ceci kaina a gaban yara. Na gyara hula, na yi muryar da nake yi wa majalisa.

"Haba, ke ma kin sani. A zamaninmu ai babu wannan doka ta a zo da miji."

Ta girgiza faifan, ta hure ƙaiƙayin.

"Dokar ce babu," ta ce. "Mijin yana nan."